Samba le Grand: Fim ɗin 'yan tsana da duniya ke nema, da abin da Abuja za ta koya daga gare shi

A shekarar 1977 wani ɗan Jamhuriyar Nijar mai suna Moustapha Alassane ya fitar da ɗan gajeren fim mai tsawon kusan minti 14, wanda babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinsa. Jarumin ɗan tsana ne, gimbiyar 'yar tsana ce, haka dawakai da mayaƙa da 'yan fada, duk da hannu aka haɗa su, aka yi musu sutura, aka riƙa motsa su kaɗan-kaɗan a gaban kyamara. Sunan fim ɗin Samba le Grand, kuma masana tarihin silima suna lissafa shi cikin finafinan katun masu launi na farko-farko da ɗan Afirka ta kudu da Sahara ya yi. A 2017 babban gidan adana zane-zanen zamani na New York, wato MoMA, ya ware kwanaki yana nuna ayyukan Alassane ga masu kallo da suka sayi tikiti don ganinsu. A Abuja kuwa, inda matasa ke ta koyon sana'ar katun a kwamfuta, da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunan mutumin, alhali a ƙasar Adar ya yi zaman ƙarshen rayuwarsa, cikin Hausawan Tawa.

Bakaniken da ya zama mai fim

An haifi Alassane a 1942 a N'Dougou. Tun yana yaro yake yanka kwali ya yi siffofin mutane da dabbobi, ya kunna fitila a bayansu, ya tara 'yan uwansa yara suna kallon inuwa tana motsi. Kanikanci ya fara koya, kuma wannan ilimi na kwance inji da ɗaure shi ya yi masa rana daga baya, domin shi da kansa yake gyara na'urorinsa, wani lokaci ma ya ƙera abin da babu kuɗin saye. A Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan mai binciken al'adu da shirya finafinai, Jean Rouch, wanda ya buɗe masa ƙofar sana'ar. Daga nan ya tafi Kanada, inda ya koyi dabarun zane mai motsi a hukumar finafinai ta ƙasar, wurin da shahararren gwani Norman McLaren yake aiki.

Abin da ya fito da shi daga wannan koyo bai yi kama da na kowa ba. Kwaɗi ne 'yan wasansa. A La Mort de Gandji na 1965 fadar wani sarkin kwaɗi ya zana, da fadawa masu fadanci. A Bon Voyage Sim na 1966 shugaban jamhuriyar kwaɗi ne ya tafi ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa, aka yi masa faretin soja da duk wani bikin da sababbin shugabannin Afirka suka gada daga Turawa, shekara shida kacal da samun 'yancin kai. A Kokoa kuwa filin kokawa ya shirya, irin wadda mutanen Nijar ke mutuwar so, sai dai 'yan kokawar kwaɗi ne da hawainiya. Ya yi finafinai da mutane ma, irin su Le Retour d'un aventurier na 1966, labarin saurayin da ya dawo gida da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi ƙauye, da Toula na 1973, wanda aka gina a kan almarar budurwar da aka sadaukar ga aljanin ruwa don fari ya kau. Ya shugabanci sashen silima na Jami'ar Yamai tsawon shekaru, ya riƙa yawo da majigi ƙauye-ƙauye, sannan ya zauna a Tawa, inda ya buɗe otal ya mai da wani sashensa ɗakin aiki. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015.

Maciji da ruwa

Labarin Samba ya girmi fim ɗin da ƙarnoni. Almara ce ta mutanen gaɓar Kogin Neja ta yamma, wadda maroƙa da mawaƙan fada suka riƙa bayarwa da ka, har Bajamushe Leo Frobenius ya rubuta wani zubinta a farkon ƙarni na 20. A wannan zubin, Annallja Tu Bari sarauniya ce kyakkyawa wadda ba ta dariya, saboda baƙin cikin ƙasar da mahaifinta ya rasa. Ta ce ba za ta auri kowa ba sai wanda ya ci garuruwa 80 da yaƙi. Samba Gana ya ci su ya kawo mata. Sai ta ƙara masa wani sharaɗin: ya kashe macijin kogi wanda ke jawo wa jama'a yunwa. Shekara takwas yana fafatawa da macijin kafin ya ga bayansa. Da ya gama, sai ya aika mata da mashin da ya yi kisan, ya kashe kansa da takobinsa, domin ya fahimci buƙatunta ba su da iyaka. Ita kuma ta sa aka yi ta tara ƙasa a kan kabarinsa har ya zama tsauni, sannan ta mutu aka binne ta tare da shi. Ƙashin bayan fim ɗin Alassane ke nan: jarumi, gimbiya, jarrabawa bayan jarrabawa, da masoya biyu da ba su haɗu ba sai a kabari.

Bahaushe da ya ji wannan zai tuna Daura. A can ma maciji ne ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa ya rasa, ya je ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. A ƙasar Wagadu ta mutanen Soninke kuma akwai macijin Bida, wanda ake ba budurwa duk shekara don ruwa da zinariya su wadata, har wani saurayi ya kashe shi don ya ceci wadda yake so. Labari uku, maciji uku, amma ƙarshensu ya sha bamban. A Daura kisan macijin ya kai ga aure da Sarauniya Daurama, aka haifi Bawo, aka samu Hausa Bakwai. A Wagadu fari ne ya biyo baya, daula ta watse. A labarin Samba jarumin ne da kansa ya ga nasarar ba ta da amfani. Cikin ukun, Alassane ya ɗauki mafi ɗaci, ya kuma ba da shi ta bakin 'yan tsana, abin da aka saba ɗauka kayan wasan yara mata.

A nan ne baƙuncin fim ɗin yake. 'Yar tsana ba ta murmushi, ba ta ɗaure fuska. Fuskar da aka yi mata da ita za ta je yaƙi, da ita za ta yi zawarci, da ita za ta mutu. Mai kallo ne yake cika sauran da zuciyarsa, kamar yadda yaro ke yi idan kaka tana tatsuniya a duhu. Kuma wasan 'yan tsana ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin masu dabo-dabo sun daɗe suna yawo da su kasuwa-kasuwa a ƙasar Hausa da Barno. Alassane ya ɗauko wannan tsohuwar sana'a ya haɗa ta da kyamara. Aikin kuwa na mai haƙuri ne. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, don haka minti 14 ya haura hoto 20,000. Ko da mai aikin zai riƙa ɗaukar hoto biyu a kan kowane motsi, kamar yadda akan yi don a rage wahala, sai ya taɓa 'yan tsanarsa wajen sau 10,000, yana ɗaga hannu kaɗan, yana karkata wuya kaɗan, yana kiyaye kada fitila ta gusa.

Me masu tarawa ke nema?

Masu tara kayan fim iri-iri ne: akwai manyan ma'adanai na gwamnati da na jami'o'i, akwai attajirai masu zuwa gwanjo, akwai kuma masoya da ke bin kwafi ɗaya shekara da shekaru. Abu uku ke jan su duka: ƙarancin abu, alamar hannun wanda ya yi shi, da sanin asalinsa. Aikin Alassane ya haɗa ukun. A kan zaren fim aka ɗauke shi, ba a buga kwafi da yawa ba, kuma zaren fim ba ya jure zafi da ƙura da laima. Launinsa yakan koɗe, jikinsa ya yi tsami ya naɗe. Abin da ya tsira daga ayyukansa ya tsira ne galibi saboda akwai kwafi a wurare irin su Cinémathèque Afrique da ke Faris, ma'adanar finafinan Afirka da Faransa ta kafa a 1961. Daga irin waɗannan kwafi ne aka sabunta wasu finafinansa a 'yan shekarun nan, aka mai da su na dijital, har suka sake zagaya bukukuwan finafinai na duniya.

Tarihin katun cike yake da irin wannan tsallake rijiya da baya. Fim ɗin katun mai tsawo mafi daɗewa da ya rage a duniya shi ne na Yarima Ahmad, wanda Bajamushiya Lotte Reiniger ta fitar a 1926. Daga Dare Dubu da Ɗaya ta ɗauko labarin, kuma da almakashi da kwali da haske ta yi shi, dabarar da Alassane ya ƙago wa kansa yana yaro. Asalin zaren ya salwanta, kwafin da aka adana a Landan ne ya cece shi. Wanda ya riga shi fitowa, El Apóstol na ƙasar Ajantina na 1917, gobara ta cinye shi, babu mai rai da zai sake ganinsa.

Ko a Amurka an daɗe ba a san darajar kayan aikin katun ba. Kafin zuwan kwamfuta, a kan fallayen roba masu garai-garai ake zana kowane motsi, a ɗora su kan hoton bango a ɗauka. Da an gama fim sai a wanke fallayen a sake amfani da su, ko a zubar. Da kamfanin Disney ya koma fenti da kwamfuta a wajen 1990, sai waɗanda suka rage suka zama abin da ba za a ƙara yin irinsa ba, kuma tun a ƙarshen shekarun 1980 an sayar da falle ɗaya a gwanjo kan dala dubu ɗari biyu da wani abu. Haka littattafan labari cikin zane: fitowar farko ta Action Comics ta 1938, inda Superman ya fara bayyana, kwabo goma na Amurka aka sayar da ita a lokacin, amma a Afrilun 2024 kwafi ɗaya ya kai dala miliyan 6. An buga ta da yawa, yara suka karanta suka yar, kaɗan suka tsira. Wanda ya ajiye shi ne ya ci riba.

Amina ta koma Malika

Abin da Alassane ya fara shi kaɗai yanzu ya zama sana'ar matasan Najeriya, kuma almarar da ta fi jan hankalinsu daga Arewa tana da alaƙa da Abuja ta kusa. Sunan birnin daga Abu Ja ya samo asali, ɗan gidan sarautar Haɓe ta Zazzau da ya kafa garinsa a 1828 bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya. Garin ne ya bar wa sabon babban birnin tarayya sunansa bayan dokar kafa birnin ta 1976, shi kuma ya koma Suleja, kuma har yau sarkinsa Sarkin Zazzau Suleja ake kiransa. Zuriyar gidan da ake danganta Sarauniya Amina da shi ke nan, wadda Tarihin Kano ya ambata a zamanin Sarki Dauda, wadda kuma har gobe ake kiran tsofaffin ganuwoyi da sunanta.

Roye Okupe, haifaffen Legas da ya yi karatun kwamfuta a Amurka, ya ɗauki Amina ya sake ƙera ta. A littafinsa na zane Malika: Warrior Queen, wanda ya fito a 2017 daga kamfaninsa YouNeek Studios, sarauniya ce jaruma a wata daula mai suna Azzaz a ƙarni na 15, tana riƙe da takobin sihiri, tana fama da 'yan tawaye a gida da rundunar daular Ming ta Sin daga waje. Masanin tarihi zai ce babu inda Zazzau ta taɓa karo da Sinawa, kuma gaskiyarsa. Sai dai almara ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba, kowane mai bayarwa da abin da yake ƙara mata. A 2019 aka fitar da ɗan gajeren fim ɗin katun na Malika, wanda situdiyon Anthill na Legas ya yi, Adesua Etomi ta ari bakin sarauniyar, kuma masoya ne suka tara kuɗin ta dandalin Kickstarter. A irin wannan karo-karo, mai ba da kuɗi yakan samu kwafi mai sa hannun marubuci ko bugu na musamman, wato tun kafin a gama aiki an riga an haifi masu tarawa. A 2021 kamfanin Dark Horse na Amurka ya karɓi buga littattafan Okupe, abin da ya mai da bugun farko da ya yi da kansa wani abu daban a idon masu nema. Wani labarinsa, Iyanu, wanda ya jingina da almarar Yarabawa, ya zama shirin katun a tashar Cartoon Network a Afrilun 2025.

A cikin Abuja kanta, Adamu Waziri ya fara Bino and Fino a 2010, shirin yara game da wani yaro da 'yar'uwarsa da malam-buɗe-littafi mai sihiri da ke zagayawa da su cikin tarihi da al'adun Afirka. Shirin ya samu karɓuwa sosai wurin 'yan Afirka mazauna Turai da Amurka da ke son 'ya'yansu su ga masu kama da su a talabijin, ya kuma fito a faifan DVD da 'yan tsana na sayarwa. Sai ga Lady Buckit and the Motley Mopsters a Disambar 2020, wanda aka tallata a matsayin dogon fim ɗin katun na farko da Najeriya ta kai gidajen silima, da Iwájú na kamfanin Kugali da Disney a Fabrairun 2024. Duk waɗannan na farko ne a fagensu, kuma na farko shi masu tarawa ke bi. Matsalar ita ce aikin yau a rumbun kwamfuta yake zaune. Idan rumbun ya mutu, ko kamfani ya rufe, ko dandalin intanet ya sauke shiri, babu falle ko zare da wani zai tsinta a sito bayan shekara 40.

Sarkin da ya tara tukwane

Yankin Abuja ya riga ya ga abin da mai tarawa ɗaya zai iya yi. Ladi Kwali 'yar Gbagyi ce mai ginin tukwane a ƙauyensu, tana zana musu kada da kunama da ƙadangare da kifi. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga aikinta ya yi masa, ya riƙa saye yana ajiyewa a fada. A can Bature Michael Cardew ya ga tukwanen a 1950, kafin ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, inda Ladi ta shiga a 1954. Daga nan aikinta ya kai Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta ya hau takardar naira 20, tukwanenta kuma suka shiga manyan gidajen tarihi da dakunan gwanjo na Turai da Amurka. Da sarkin ya ɗauki tukwanen a matsayin kayan ɗiban ruwa kawai, da labarin bai kai haka ba.

Akwai kuma misalin abin da sakaci ya kusa cinyewa. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓata. A 2016 aka gano gwangwanayensa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, cibiyar Arsenal ta Barlin ta sabunta shi tare da Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka nuna shi a bikin finafinai na Barlin a 2018. Kannywood, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, ta fitar da ɗimbin finafinai a kaset da faifai waɗanda yau ko masu su ba su da kwafi mai kyau. Abin da ya rage daga wancan zamani ya rage ne a hannun ɗaiɗaikun mutane da manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, waɗanda suka ɗauki abin da wasu ke gani shirme suka adana.

Abuja na da abin da Tawa ba ta da shi a zamanin Alassane. Nan ma'aikatar al'adu take, nan Hukumar Finafinai ke gudanar da bikin Zuma, nan cibiyar al'adun Faransa ke nuna finafinai, ga ɗakunan baje kolin zane irin su Thought Pyramid da Nike, ga masu kuɗin da ke sayen zane su rataya a falo. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye, kuma littafin zane ma littafi ne. Ma'adanar finafinai ta ƙasa tana Jos, tafiyar 'yan sa'o'i. Abin da ya rage shi ne a saba da ajiya tun abu yana sabo: situdiyo ya adana zanen farko na fensir da rubutun labari da muryoyin da aka naɗa, ya ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, mai saye ya nemi sa hannu da kwanan wata, ya nisanta takarda da rana da laima da gara, masu shirya biki su nemi izinin nuna Samba le Grand da Bon Voyage Sim ga ɗaliban katun, da fassarar Hausa. Bayajidda da Daurama, Gizo da Ƙoƙi, Barbushe da Tsumburbura, duk suna jiran wanda zai motsa su a allo, kuma akwai yaran da za su yi. Idan sun yi, ya kamata kwafin farko ya zauna a gida, a inda jikokinsu za su gan shi ba sai sun nemi biza ba.